Na Kai Goro Ƙasar Goro

Tun da na dawo ban huta ba. In na zauna a fada da la'asar, kafin shayin farko ya nuna an fara: Lawali, yaya Kodibuwa? Da gaske ruwa ba ya ɗaukewa? Da gaske ka ci dodon koɗi? Har masu kawo mini gyaran takalmi sai sun tsaya sun ji nasu. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, kowa ya ɗauki rabonsa ya je ya ƙara gishiri. Shi ya sa na ce bari in zauna in faɗe shi sau ɗaya tun daga farko.

Ni dai baduku ne, a unguwar Birni ta Damagaram aka haife ni, a nan nake ɗinkin fata. Kafin wannan tafiya iyakata Kano, ita ma sau biyu. Kuma ba buɗe ido ya kai ni ba, aike ne.

Duk mai bi ta lungunmu ya san wana, Yaya Habu, tsohon sarjan ɗin nan da ke tsayuwa a ƙofar zaure. Shekarun baya yana cikin sojojinmu da aka tura Kodibuwa aikin kiyaye zaman lafiya, lokacin da ƙasar ta rikice. Ya dawo lafiya lau, ko ƙwarzane babu, amma tun da ya ajiye kaki bai iya zama ba. Daga hantsi zuwa azahar yana tsaye, ya jingina da bango, hannu a baya, yana kallon bakin lungu. A shimfiɗa masa tabarma ya ce ya gode. Ga ciwon suga ya kumbura masa ƙafafu, har likita ya faɗa mana ƙiri-ƙiri cewa in bai riƙa zama yana miƙe su ba, ta hagun ba za ta kai baɗi ba. Mun yi faɗa, mun yi lallashi, matarsa ta yi kuka, duk a banza.

Ran nan ya kira ni ya ce in ya zauna ƙirjinsa ne ke toshewa. Ya ce akwai wata gada da aka ba su tsaro, su shida. Wata rana 'yan bindiga suka faɗa wa ƙauyen da ke tsallake, mutane suka gudo ta kan gadar. Wata mata da goyo ta kama masa riga tana nuna masa gidanta, mijinta yana ciki da karyayyar ƙafa, ba ya iya tashi. Ya kira na sama ta rediyo, aka ce kada wanda ya bar gada. Bai je ba. Yana tsaye yana kallo hayaƙi ya tashi daga gidan.

"Ka je ka gano mini ko tana raye," in ji shi. "In tana raye ka roƙar mini gafara."

Ya ba ni hotonsa na soja, da lambar wani Malam Isaka, mahauci ɗan Damagaram Takaya da ke sayar musu da nama a can. Iyakar abin da ya ba ni ke nan. Ni kuwa da hankalina na ce ai ba a zuwa neman gafara hannu rabbana. Ban shawarci kowa ba na shiga kasuwar Dole na zaɓi ƙwaryar goro guda, manya-manya, fari da ja, aka naɗe mini cikin ganye da jiƙaƙƙen algarara. Ku riƙe wannan goron a ranku, za mu dawo kansa.

Kar, babbar motar fasinja, na hau zuwa Galmi, inda Ado direba, surukin maƙwabcinmu, yake lodin albasa zuwa Abijan. Ya ba ni gaban mota. Wanda bai yi kwana da kwanaki cikin motar albasa a bazara ba, kada ya ce mini ya san wari. Har yau in na buɗe jakata sai matata ta yi tsaki.

Bayan Yamai muka isa Tera, a nan aka ce kowa ya tsaya sai an sami rakiyar soja, don hanyar Burkina ba ta biyuwa haka kawai. Motoci iya ganinka, wasu sun fi mako. Kwana uku muka yi muna kwana a ƙarƙashin mota, muna cin dambun zogale a wurin wata Bazabarma mai faɗan tsiya, wadda in ka ce a ƙara yaji sai ta tambaye ka ko gonar ubanka ce. Safe da yamma ina kwance ƙunshina in yayyafa masa ruwa. Ado yana kallona yana murmushi.

Ranar tashi wani laftana ya tara direbobi ya karanta musu doka: in an tashi ba tsayawa, ba sauka, ko fitsari ne, wanda motarsa ta lalace a bar ta. Muka jeru, soja a gaba, soja a tsakiya, soja a baya. Jama'a, a wannan hanya na ga abin da ya kashe mini baki. Mun wuce manyan motoci ƙonannu a gefen titi, sai ƙarfe. Mun wuce ƙauyuka da rumbuna a buɗe, turmi a kife, ba mutum, ba akuya, ko kaza babu. Ni da na tashi a Birni, inda ba ka taku goma ba ka yi gaisuwa ba, ban taɓa sanin gari yana iya yin shiru haka ba. A zaune na yi azahar da la'asar, ina salla ina kallon daji.

Sojan da ke kan motar da ke gefenmu ya naɗe fuska, ido kawai ake gani, hannunsa bai bar kan babbar bindigar ba tun safe. Da muka isa inda aka yarda a sauka ya kwance rawanin, ashe ɗan garin Dogo ne, ya ji Hausata ya matso muka gaisa. Na ciro goro biyu na ba shi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, "Baba, a sa mu a addu'a." Ado ya ce mini in ba don su ba, da albasa ta ruɓe a Galmi, shinkafa kuma ta gagari talaka a Damagaram. Can kuma ya ƙara da cewa shekara nawa ke nan ana rakiyar, amma har yau ba wanda ya koma waɗancan ƙauyukan.

Daga Wagadugu zuwa Bobo hankali ya kwanta, mata na tallar mangwaro a bakin hanya kamar ba a ƙasa ɗaya muke da inda muka baro ba. A iyakar Kodibuwa aka nemi katin rigakafi, ni kuwa ban taɓa jin labarinsa ba, aka tsira mini allura nan take, hannuna ya yi kwana biyu ba ya ɗaguwa. Sai wani ɗan duwan, wato kwastan, ya ce in kwance ƙunshina. Da ya ga abin da ke ciki ya tambaye ni daga ina, na ce Zinder. Ina za ni? Na faɗa masa. Mutumin nan ya dafe ciki yana dariya, ya kira abokin aikinsa, shi ma ya zo ya leƙa ya fashe, har suka ɗauki hoton goron da waya. Faransancina na lakwal, ɗan abin da na tsinta a makarantar boko, bai kai in gane zancensu ba. Na tambayi Ado, ya share hawaye ya ce, "Za ka gani."

A Buwake muka rabu da Ado, na hau kar na yi yamma. Tun daga nan itatuwa suka fara rufe sama. Ni ban iya siffanta daji ba, abin da zan ce kawai shi ne na wuni ban ga ƙasa tsirara ba, kuma ruwan da na gani ya sauka a yini guda, da a Damagaram ne da an yi shuka an yi noman farko da shi.

Malam Isaka ya tarye ni a tasha. Dattijo ne gajere mai ƙarar murya, ya fi shekara talatin a can amma Hausarsa ta ƙauye tana nan daram. Ya sauke ni a ɗakin baƙinsa, bayan rumfar nama. Matarsa ta kawo acheke, wani abu kamar dambu amma na rogo, da soyayyen kifi, na ci na ƙara. Kashegari aka kawo sakwarar ayaba da miyar manja, na ga wani abu baƙi a ciki na tambaya, aka ce dodon koɗi ne. To ga amsarku: ban ci ba, na tura shi gefe, miyar dai na sha.

Da safe Malam Isaka ya tarar da ni a tsugune ina yi wa ƙunshina wanka. Ya leƙa, ya dube ni, ya sake leƙawa. Ya kama hannuna ya zagaya da ni bayan gida, ya nuna mini wata doguwar itaciya. Ƙarƙashinta ga kwanso-kwanso sun faɗo sun fashe, goro ja jawur a warwatse, awaki na takawa suna wucewa.

"Ɗan Birni," in ji shi, "goro ka ɗauko daga Dole ka kawo nan?"

Wallahi na san daga kudu goro ke zuwa, kowa ya sani. Amma a kaina kudu wani wuri ne can bayan Kano, ban taɓa haɗa shi da inda za ni ba. Kwana tara ina hana kaina ruwa ina ba goro. Kunya ta kama ni har na ce zan zuba wa awakin. Malam Isaka ya gama dariyarsa ya ce a'a, tunda na wahala da shi in tafi da abina, mutanen nan sun san darajar abin da aka ɗauko daga nesa.

A babur muka tafi ƙauyen. Ba zan faɗi sunansa ba, bakina ma ba ya kama shi daidai. Kafin mu shiga Malam Isaka ya tsaya ya ce in sauka, ga gadar. Na duba na ce ina? Ni da nake zaton zan ga wani abu kamar gadar Yamai, sai ga 'yar gada ta kankare, tsawonta bai wuce daga zaurenmu zuwa famfo ba, mota ɗaya ke iya bi. Mata na wanki a ƙasa.

A nan ya ba ni labarin da Yaya bai taɓa ba ni ba, domin shi ma ranar yana ƙauyen, ya je sayen awaki, da shi aka gudo. Ya ce duk garin ne ya tsallako, tsofaffi da yara, suka taru a bayan sojojin nan shida. Can sai ga 'yan bindigar a mota biyu, sun fi su yawa nesa ba kusa ba. Babbansu ya sauko ya tako har tsakiyar gada, ya tsaya gab da Yaya, bakin bindigarsa na kusan taɓa masa ƙirji. Yaya bai ɗaga tasa ba, bai kuma sauke ta ba. Ya ce masa ba wucewa, bai ƙara ko kalma ba. Suka zage shi, suka yi harbi sama, suka tofa masa yawu. Daga hantsi har la'asar yana nan a tsaye, sauran biyar na bayansa, sai da motar sulke ta iso sannan waɗancan suka juya.

Na tambaye shi, to da Yaya ya yi harbi fa? Ya ce da an gama da su shida kafin a tafasa shayi, sannan a bi ta kan jama'a. Da kuma ba su da bindigar fa? Ya ce da ba wanda zai tsaya sauraron su, ture su za a yi a wuce. Na je na tsaya daidai inda ya nuna mini. Mutumin da nake yi wa tsawa kullum a kan ya zauna, ashe ban san ko wane ne ba. Na ji girmansa, na ji tsoro, na kuma ji kunyar kaina.

A gidan mai gari aka ba mu kujeru a ƙarƙashin rumfa, aka kawo ruwa. Al'adarsu ba a magana da baƙo sai ya sha. Sannan wani mai magana da yawun mai gari ya tambayi labari. Na buɗe baki zan zuba, Malam Isaka ya taka mini ƙafa: labarin farko ba a faɗin komai, sai a ce gaisuwa ce kawai, sai an tambaya karo na biyu. Na ce ashe kamar mu ne, sai mun gama lafiyar gida da gajiya da aiki mu ce sai alheri, alhali da magana a bakinmu. Bambancin kawai su suna yi a tsare, ta bakin wakili, ko da mai garin na jin komai.

Da aka zo labari na biyu na fito da hoton. Ya zaga hannu-hannu, tsofaffi suna gyaɗa kai. Sai na kwance goro na ajiye a gabansu. Wata tsohuwa ta fara dariya, duk rumfar ta ɗauka. Mai gari ya ɗaga hannu, ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce wannan ɗansu ne da ya tafi arewa ya dawo gida, ya rame amma ya dawo, sun karɓa. Ya ce sojojin nan ba su sasanta su da maƙwabtansu ba, rigimar ta gonakin koko ce, kuma da baki dattawa suka yi shekaru suna kashe ta, har yau akwai gidajen da ba sa gaisawa. Abin da sojojin suka yi shi ne sun bar su da rai har suka kai ga zaman. Abu ɗaya ya ce yana damunsu: da aka janye su da safe suka kwashe, ba su nemi hanya ba. Malam Isaka ya bayyana mini cewa a nan baƙo ba ya tafiya sai ya roƙi hanya, su kuma rabi suke ba shi, su riƙe rabi don ya dawo.

Matar tana raye. Mama Terez ake ce mata. Muka same ta a tsakar gida tana juya koko a shanya, doguwa, furfura ta fara. Ta karɓi hoton ta daɗe tana kallo. Na durƙusa kamar yadda ake yi a gida, na ajiye goron da na ware mata, na faɗi saƙon Yaya, Malam Isaka na juyawa. Ba ta taɓa goron ba.

Ta ce mijinta a cikin gidan ya mutu, kuma ta yi shekaru tana tsine wa wannan fuskar. Ta nuna wata matashiya da ke tankaɗe a gefe da jariri a baya, ta ce ita ce goyon da ke bayanta ranar. Ta ce in ta dubi kabari sai ta ce sojan nan ya kashe ta, in ta dubi 'yarta sai ta ce shi ya raya ta, kuma har yau ba ta san wanne za ta riƙe ba. Sai ta tambayi me yake yi yanzu. Na ce ba ya komai, tsayuwa yake. Na faɗa mata zancen zaure da tabarma da ƙafa. Ta dube ni, ta koma kan kokonta. Muka tashi ba amsa. Ranar ko acheken ban iya ci ba, don ban san abin da zan je in ce wa Yaya ba.

Kashegari muka koma neman hanya. Wakili ya ce mai gari ya ba ni rabi. Ina shirin godiya sai ga Mama Terez ta shigo rumfar, abin da na lura mata ba su cika yi ba. Ta yi magana a tsaye, mutane suka yi gunaguni, mai gari ya sunkuyar da kai, can ya gyaɗa. Malam Isaka ya juyo, muryar nan tasa mai ƙara ta yi ƙasa.

"Ta ce ba ta manta ba, ba kuma za ta manta ba. Amma ana riƙe rabin hanya ne don mutum ya dawo, shi kuwa wan naka bai taɓa tafiya ba, yana kan gadar nan har yau. Ta ce a ba shi hanya duka, ya tafi gida. Tsayuwar ta isa."

Ta kwance bakin zanenta ta ba ni goro ɗaya, ɗanye, fari sol, ta ce daga itacen da mijinta ya shuka ne. Haka na sake kama hanya da jiƙaƙƙen algarara, wannan karon da goro ɗaya tak a ciki. Ɗan duwan ɗin nan bai ga abin dariya ba, tunda arewa na nufa.

Da hantsi na shigo lungunmu. Tun daga bakin famfo na hango shi a inda na bar shi, hannu a baya, ƙafar hagun an naɗe ta da bandeji. Muka gaisa, ya tambayi hanya, na ce lafiya. Don in sami bakin farawa na ba shi labarin ƙwaryar goro. Ya ce, "Daga Dole?" Na ce daga Dole. Yaya ya yi dariya har da tari, rabon da in ji dariyarsa na manta.

Sannan na faɗa masa sauran, ban rage ba, har da tsinuwar, har da kabarin. Na faɗi maganarta ta ƙarshe yadda aka juya mini ita, na kwance algarara na miƙa masa goron. Ya riƙe shi a tafin hannu.

"Duka ta ce?"

"Duka, Yaya."

Ya daɗe yana kallon bakin lungu. Sannan ya dafa kafaɗata, ya ce in jawo masa tabarmar can. Na jawo na shimfiɗa. Ya sauka a hankali, ya miƙe ƙafafunsa biyu, ya jingina da bango.